Roron Waken Daji

Babu ko kwanso ɗaya.

Sa'adiya ta durƙusa a bakin kurmin tana ɗaga rassa. Ga ganye shar, ga siraran zaren da tsiron ke naɗe ƙaya da su yana hawa, ga ma ragowar farin furen mai zanen shunayya. Amma baƙin kwanson da ta ƙirga ranar Asabar, ɗari da goma sha biyu, an tsince shi tas.

Shekara uku tana jigila daga Manchester zuwa wannan gangaren na bayan Birmingham saboda binciken PhD ɗinta kan waken dajin nan, wanda ba ya son tsakar rana, ba ya son duhun kurmi, sai gefen inuwa. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar garin ta sallami mai kula da kurmin, ta sa gangaren a kasuwa. Rahotonta kaɗai ya tsayar da cinikin, domin ta rubuta cewa tsiron, wanda ba a cika samunsa ba, yana zuba iri a nan. Gobe jami'i zai zo ya gani da idonsa.

Ta kira Alfred, mai kulan da aka sallama.

"Kai kaɗai na nuna wa wurin nan," ta ce da Turanci. "Kuma an ce an gan ka da maginan da ke son sayen gangaren."

"Aiki nake nema, Sa'adiya. Yunwa laifi ce?"

Ta kashe wayar. Biri ya yi kama da mutum.

Da la'asar ta isa unguwar Sparkhill, gidan da Gwaggo Hajo ta sauka wurin ɗanta likita. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuma wa ya mutu?"

"Gwaggo, an gama da ni. PhD ɗina, kurmin, komai."

Ƙas!

Wani abu ya fashe a bakin taga, ƙwaya ta gangaro har gaban ƙafarta. Sa'adiya ta juya a hankali. Kan faifai, a rana, ga baƙin kwanso an baza.

"Gwaggo... mene ne wancan?"

"Irinki mana. Ranar Asabar da kika kai ni kurmin shan iska, kina can rafi kina ɗibar ƙasa a kwalba, na ga wake ya bushe yana fashewa, ba mai roro. Na ƙulle miki a bakin zane. Duk bokonki ba ki san ba a barin wake ya zube a gona ba?"

"Zubewar ake so! Ita za a zo gani gobe!"

"To sai ki mayar ki watsa. Ƙasa ta san wanda ya zuba?"

Sa'adiya ta zuba wa faifan ido. Idan ta watsa, aka gano, za a ce ita ta shuka tun farko. Ga kuma Alfred da ta ɗora wa sharri.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wata doguwar mata ce da baƙar jaka, tana murmushin da bai kai ido ba.

"Sunana Monica, lauyar masu sayen gangaren. Mun ɗaura kyamara a jikin wata bishiya a kurmin."

Ta miƙo hoto: Gwaggo Hajo a sunkuye, bakin zaninta cike.

"Kin san wannan baiwar Allah?"

Daga bayan Sa'adiya, wani kwanson ya sake fashewa.