Jifan Tessa

"Rana ce ta shige min ido, Marnie."

"Rana tana bayan ƙeyarka, ranka ya daɗe," na ce wa saurayina Lorne.

Ya ɗauko kwalbar daga cikin ciyawa, ya mayar da ita kan sandar da muka kafa a bayan gidan kawunsa. Ƙa'idar wasan ba wuya. Abokan karawa su jefo faifan roba su kaɗo kwalbarku, ku kuma ku cafe faifan da kwalbar da hannu ɗaya, don ɗayan dole yana riƙe da gwangwanin giya. Shekara uku muna tsayawa gefe ɗaya, ban taɓa ganin kwalba ta kuɓuce masa ba. Yau ta faɗi sau uku, duk a jifan Tessa, sabuwar abokiyar aikinsa, wadda ko riƙon faifan ba ta iya ba.

Ta sake jefowa. Faifan ya taho yana tangaɗi, ya ɗan bugi sandar. Ban kalli kwalbar ba, shi na kalla. Hannunsa bai ko motsa ba, idonsa na can inda take tsalle tana ihu. Ƙirjina ya ɗauki zafi.

"A sha, a sha!" in ji Tessa. "Gwanin naku ke nan?"

Na kurɓa, na ajiye gwangwanin.

"Tessa, zo ki tsaya kusa da shi. Ni zan koma can in yi jifa, in ga ko ni ma zai bar min ita ta faɗi."