Hanyar Motar Madara

Khairiyya tana duba taswira a kwamfuta Baba Dikko direba ya yi sallama a ƙofar ofis, ko motar bai kashe ba. Ita ke tsara wa wani kamfanin tattara madara a Tudun Wada zirga-zirgar motocinsa. Kafin zuwanta kowane direba yakan bi inda ya ga dama, madara ta yi tsami a hanya. Ita ta haɗa nisan rugage da lokacin tatsa da shan mai cikin lissafi, kwamfuta ta fitar da hanya mafi sauƙi. Tun daga nan motar Baba Dikko ke ratsa gefen dajin Falgore kullum da hantsi, ba ta saɓawa.

"'Yata, magana ce da ni," ya ce, ya zauna a bakin benci. "Akwai wasu mutane a kan babura, suna tsayawa gindin ɗorawa bayan kwalbati. Tun makon jiya nake ganinsu. Ba su taɓa tare ni ba. Yau na yi faci, na makara. Da na iso, ɗayansu ya ɗaga hannu ya nuna mini agogonsa, yana murmushi."

Khairiyya ta dubi taswirar. Abin da take alfahari da shi ke nan, a ce ko makaho ya san lokacin wucewar motar.

Ta shiga wurin manaja, Alhaji Ismail, ta faɗa masa.

"Ba ke kika ce babu hanyar da ta fi wannan ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma ban sa masu jira a cikin lissafin ba."

Ta roƙi a bar kwamfuta ta riƙa zaɓar hanya dabam kowace rana, ko da mai zai ƙaru. Ya daɗe yana kallonta kafin ya amince.

Da yamma ta lalata tsarinta da hannunta. Sabuwar hanya ta zagaya ta Burumburum, ta shiga rugagen ta baya. Ta tura wa manaja, ta tura wa Baba Dikko.

Washegari hadari ya haɗu ta gabas tun da safe. Ta kasa karyawa. Wajen azahar wayarta ta yi ƙara.

"Na fito lafiya," in ji Baba Dikko, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma suna nan."

"A gindin ɗorawar?"

"A'a. A mararrabar Burumburum. Sun riga ni zuwa. Yau har sun ƙaru."

Khairiyya ta ƙirga a ranta. Su uku ne kaɗai suka san hanyar nan: ita, da mai maganar, da manaja, wanda take jin tarinsa ta bayan bango.

"Baba, gobe ba zan tura wa kowa hanya ba. Ka biyo ta ƙofar gidanmu. A gaba zan zauna, in mun zo kwana in faɗa maka inda za ka bi."

"To. Allah ya kai mu."

Tana ajiye wayar Alhaji Ismail ya leƙo, da carbi a hannu.

"Malama Khairiyya, tsarin gobe ya fito?"

Ta rufe kwamfutar a hankali.

"Da saura, ranka ya daɗe."