Uwar da Kawu Hammadu Ya Kyautar

Ɗakin da ke bayan ofishin ƙungiyar dillalan kifi a Yelwan Yauri, tun da aka gina shi kifin banda ake jibgewa a ciki. Ko yau ka shiga, hancinka zai ba ka tarihinsa kafin kowa ya buɗe baki. Wannan ɗakin Suwaiba ta roƙa da ta dawo daga karatun kwamfuta a Birnin Kabi, don ta riƙa koyar da 'ya'yan 'yan ƙungiya da matansu. Ba don hazaƙarta aka ba ta ba, kada ma a yaudari kowa. An ba ta ne saboda kawunta Alhaji Hammadu, yayan Innarta, shi ne shugaba. Mataimakinsa Sule, wanda kwandunansa aka kwashe aka fitar waje, ya kafa sharaɗi a gaban kowa: washegarin bikin buɗewa za a fara darasi, in abin ya ƙi aiki, kifi zai koma ɗakinsa.

Kayan aikin kuwa sai wanda ya gani. Wata makaranta ce ta rufe, aka samo tsofaffin kwamfutocinta, kuma kafin su iso Yelwa wani mai rabon duniya ya riga ya zare wa kowace rumbun ajiyarta. Sule ya leƙa ya ce an kawo gawawwaki, sai a nemi liman. Suwaiba ba ta damu ba, don dama haka take son su. Sabuwa ɗaya tak gare ta, 'yar baƙa, girmanta bai wuce burodi ba, amma ƙarfinta ya fi na sauran duka a haɗe.

Ita ta ɗora wa Linux, manhajar da ba a saye kuma ba sata ba ce, kowa ya ga dama ya ɗauka. Ta jawo kebul daga kowace tsohuwa zuwa wani akwati mai ramuka da ake kira suwic, ta haɗa shi da 'yar baƙar. Sannan ta bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ta shiga saitinsu ta umarce su da su daina laluben cikinsu in an kunna, su nemi komai ta waya. 'Yar baƙar ce ke ba kowace adireshinta, ta aika mata abin da za ta tashi da shi, ita ke yin aikin, ita ke ajiya. Sauran nasu nunawa ne kawai a allo. Ta sha wuya ba kaɗan ba, musamman da ɓerayen ɗakin, waɗanda aka raba su da kifi ba shawara, suka huce a kan kebul. Ranar da dukan allunan suka haska tare, sai da ta yi ƙwalla don daɗi. Ta ɗora 'yar baƙar a kan kanta kusa da taga, inda iska ke shiga.

A ranar Kawu Hammadu ya zo dubawa. Ta yi masa bayani da zumuɗi, cewa uwa ɗaya ce ke shayar da su duka, kuma duk inda mutum ya zauna, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, kayansa za su fito. Babu wata da ta fi wata.

Nan ta ɓata rawarta.

"Mi kic ce? Kowa daidai da kowa? Ni da Dudu mai wankin kwanduna?" Ya gyara hula. "To ina uwar? Nan za ni zamna."

Suwaiba ta san kawunta. Mutum ne da bai iya ganin fitila a kunne ya wuce ba tare da ya kashe ba. In wayarsa ta nemi caji, filogin da ya fi kusa da hannunsa shi zai zare, ko na firjin maƙwabci ne. Ta hango shi yana kashe uwar a tsakiyar darasi don an kira la'asar. Sai ta juya ta nuna masa wata doguwar tsohuwa a kusurwa, wadda ta fi kowace girma, mai fanka da ke gurnani da shuɗiyar fitila a goshi, cikinta kuwa fayau.

"Ga ta nan, Kawu."

Ya zagaya ta, ya ɗora mata hannu, ya ji tana rawa. "Ai ko ba ki hwaɗi ba. Babba ba shi ɓoyuwa."

Washegari aka kawo darduma da kujera mai hannu. Tela ya ɗinka wa uwar riga ta yadin shadda. Kawu ya kafa doka cewa ba mai taɓa ta sai shi. Kowace safiya Suwaiba za ta riga shi zuwa ta kunna 'yar baƙar a ɓoye, shi kuma ya iso ya yi bisimilla ya danna tasa, ya ɗaga hannu ya ba da izinin kunna sauran. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne ya ɗauki koyon da gaske. Da yatsa ɗaya yake farautar haruffa, harshe a waje, har ya iya rubuta sunansa da na kifaye, ragon ruwa da giwan ruwa da tarwaɗa. In ya gama sai ya kira ta ta gani, yana murmushi kamar an yi masa albishir. Duk wanda ya leƙo kuma sai ya sha karatu: "Kun ga wagga? In tam mutu, dut sun mutu."

Ranar buɗewa aka yi taro da hantsi. Babban baƙo shi ne Alhaji Bashiru, shugaban masunta na wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Ngaski, wanda rabin kifin ƙungiya daga hannunsa yake fitowa. Komai ya tafi daidai. Allunan suka haska, aka yi kabbara, Sule ya tafa da yatsu biyu. Da aka fito cin abinci aka kashe tsofaffin, Inna kuma ta aiko a kira Suwaiba ta zo rabon tuwon shinkafa ga mata, don a wurin Inna ko injiniyar duniya ce ke, ludayi na jiranki.

Bayan azahar ta dawo ta rufe ɗaki. Ta duba kan kanta, ba komai sai wayoyi suna lilo.

Ta sami Kawu a ofis yana sakace, cike da jin daɗi.

"Kawu, wani ɗan baƙin akwati da ke bisa kanta..."

"Af, wannan! Na ba Alhaji Bashiru." Ya yi dariya. "Mutumin ya tsaya gaban uwar yana ta yabo, ya yaba ya ƙara. Kin san baƙo in ya yaba abu ba a barin shi ya tahi hannu sake. Da wani na, da uwar za shi ɗauka ya ba shi, a yi ɓarna. Ni ko na riƙe karatunki. Nid duba nig ga wata 'yar ƙarama, ba allo, ba kujera, ba mai zama gabanta. Nis sa anka naɗe mashi cikin buhu."

Babu wata ƙarya da ta rage da za ta tayar da kwamfutoci gobe da safe. Ta durƙusa, ta kafe ido a kan tabarma, ta faɗa masa komai.

Kawu ya cire tsinken daga bakinsa.

"Wato kwanon banza nika yi ma bisimilla?"

"Kawu, ku yi haƙuri. A aika a amso ta, don Allah. Gobe Sule..."

"A amso? Abin da nib bayar gaban mutane? Ko ɗakin ga duka za a maida shi masai, ba ni aikawa."

Ta fara kuka, na tsoro da na kunya a haɗe. Shi kuwa ya miƙe ya shiga ɗakin kwamfuta shi kaɗai. Can sai ta ji ya ƙwala wa Dudu kira, ya ce ya saɓo uwar da rigarta ya kai bakin ruwa, a nemo jirgi mai inji.

Kawu ya shiga, ya ce Suwaiba ta biyo shi. A tsakiyar jirgin aka zaunar da uwar, shaddarta tana kaɗawa, masunta a kwale-kwale suna ɗaga hannu don sun ɗauka wani babba ake rakiya. Sun iso ƙauyen da la'asar. Suka tarar da Alhaji Bashiru a zaure, 'yar baƙar kuma an ɗora ta a kan rediyo, an aza mata hula.

Abin da Kawu Hammadu ya yi a zauren nan, Suwaiba ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ya ce tun da jirgin Alhaji ya tashi abinci ya ƙi wuce masa. Ya ce Alhaji guda ya yaba uwa, shi kuma rowa ta rufe masa ido ya ba shi 'ya, wannan abin kunya ne ga ƙungiya da Yauri baki ɗaya. Ya yaye shaddar, ya sa aka jona da janareto, fanka ta yi gurnani, shuɗiyar fitila ta kama. Mutanen zaure suka yi salati.

"Haba Alhaji, wagga ta yi yawa," in ji Alhaji Bashiru, hannunsa tuni yana kanta.

"Girmanka ya hi haka. Waccan 'yar tsito a ba yarinya ta koma da ita, kada a gan ta gidanka a ce mu munka kawo."

Aka miƙo ta da sauri, har da ban haƙuri. Aka kuma bi su da kwandon kifi.

A hanyar dawowa Suwaiba ta rungume 'yar baƙar a cinyarta. Dariya ta cika mata ciki, ga sauƙin da ta samu, ɗaki ya tsira, Sule zai kwana da haushi. Ta matsa kusa da Kawu don kada ƙarar inji ta cinye maganar.

"Kawu, wallahi kun iya. In ya kunna tak ƙi nuna komi hwa?"

"Ba shi kunnawa. Nunawa za shi yi."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba, yana kallon ruwa.

"Shi baƙo na, sau guda niy yi mashi, kuma har yanzu bakina ɗaci shikai," in ji shi. "Ke kullum sahe kina durƙusawa ki gaishe ni, kina kallo ina ɗaga hannu ina ba da izini."

"Tsoro nij ji ku kashe ta, Kawu."

"Da kin ce kada in kashe."

Da suka sauka a Yelwa ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ɗakin ya miƙa mata.

"Riƙe. Ki sa a ɗauke kujerata a maida ofis."

"To darasinku na gobe hwa? Mun ce za ku koyi lambobi."

"Ki ba wani wurin," ya ce, ya tsayar da ɗan acaba ya hau.