Ƙofar Tsaro Ta Gani, Ba Ta Hana Ba

"Zuwa la'asar kawai," in ji Mataimakin Darakta. "Baƙi su zo, su ga abin yana gudu, su sa hannu, su tafi. Sai ka mayar da ƙofarka yadda take."

Da ƙafarsa ya sauko ɗakin na'urori, abin da bai taɓa yi ba, yana tsallake wayoyi kamar mai gudun taka kwata. Injiniya ya miƙe ya bar masa kujerar da ita kaɗai ce a ɗakin.

Aikin Injiniya a wannan kamfanin rarraba magunguna shi ne kula da ƙofar tsaro, wani baƙin akwati a cikin kabad ɗin ƙarfe. Duk abin da zai shigo kwamfutocin kamfani daga intanet sai ya bi ta cikinsa. Hali biyu gare shi. In an sa shi a kan hani, duk abin da ya yi kama da kutse zai tare. In an sa shi a kan kallo, zai ga ɓarawo sarai, ya kunna gargaɗi, sannan ya matsa masa ya wuce.

Rigimar kuwa ta sabuwar manhajar karɓar oda ce, wadda wani ɗan kwangila, abokin Mataimaki, ya haɗa. Haɗin ya yi muni har ƙofar take ɗaukarta ɓarauniya, kullum tana tare ta.

"Yallaɓai, ba laifin ƙofa ba ne. Manhajar ce duk ramuka. Bari in buɗe mata 'yar hanya ita kaɗai."

"Ka gwada jiya. Ta yi?"

Ba ta yi ba. Mataimaki ya sauke murya.

"Ya jikin tsohuwa? Wankin ƙoda ba wasa ba ne. Ka san ma'aikacin dindindin, katinsa na asibiti har iyaye yake ɗauka. Kai kuma har yanzu na wucin gadi ne. Takardarka tana kan teburina, biro kawai take jira."

"To a ɗan rubuto mini umarnin, Yallaɓai, ko layi ɗaya."

"Rubutu tsakanina da kai? Haba ƙanena. Kawo hannu."

Ya kawo.

Canza halin akwatin aiki biyu ne. Ka canza a allon kwamfutarka ka ajiye, sannan ka danna wani maɓalli da zai tura canjin zuwa akwatin kansa. In ba ka tura ba, allo zai nuna maka abin da kake so, akwati kuwa yana kan tsohon umarni. Injiniya ya mayar da komai kan kallo, ya ajiye, ya tura. Nan take manhajar ɗan kwangila ta fara gudu kamar an kwance mata dabaibayi.

Wajen tsakar rana gargaɗi ya fara sauka. Ɗaya, sai wani, sai suka jero, allon duk ya koma ruwan ɗorawa. Wani daga can wata duniya yana laluben ramukan manhajar, ƙofa tana kallonsa tana faɗa. Injiniya ya haura sama da gudu, ya tsaya a bakin gilashin ɗakin taro yana ɗaga hannu. A ciki baƙi suna tafi. Mataimaki ya gan shi, ya yi masa murmushin da ake yi wa mai kawo shayi, ya kaɗa masa yatsu biyu alamar ya koma.

Da baƙi suka fito, ɗan kwangila ya dafa masa kafaɗa a baranda. "Ka gani ko, malam mai gadi? Da ma akwatinka ne mai baƙin ciki."

Injiniya ya wuce shi. Ya sauka, ya mayar da komai kan hani, ya ajiye. Hannunsa na kan linzamin kwamfuta wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Kana ina? Inna ta suma a kan injin wankin ƙoda. Likitoci sun rufu a kanta."

"Yaya, gani nan, bari in—"

"Bari ka me? Kai da akwatin nan kamar shi ya haife ka!"

Ya dubi allo. Hani, hani, hani, layi bayan layi, duk kore. Ya ja ƙofa ya kulle, ya bi bas.

Tsohuwa ta farfaɗo kafin ya isa. Ta yi ƙanƙanta a gadon, robobin injin guda biyu a hannunta. Ya zauna yana matsa mata ƙafa, ya gaya wa yayarsa a kunne cewa wahala ta kusa ƙarewa, takarda ta kusa fitowa. Ta ce sai ta gani.

Washegari ya tarar da motocin kaya jere a harabar kamfani, direbobi zaune a kan tayoyi. Mai kula da sito ya tare shi tun daga bakin get. "Injiniya, zo ka ga ikon Allah." Kowace kwamfuta jan allo take nunawa. An kulle komai, oda, adireshin asibitoci, bayanin abin da ke sito, ana neman kuɗin fansa.

Ya buɗe ɗakinsa. Allon yana nan kore shar yadda ya bar shi. A can kusurwa kuma maɓallin turawa yana jira, canjin jiya bai je ko'ina ba. Ya tsaya yana kallonsa har sai da aka aiko kiransa.

A ofishin sama Darakta yana tsakiya, Mataimaki a damansa, matar ofishin ma'aikata a hagu da fayil a rufe. Ba wanda ya ce masa ya zauna. Ya faɗi komai yadda ya faru.

Mataimaki ya girgiza kai cikin tausayi. "Ranka ya daɗe, ni ina na san hani, ina na san kallo? Cewa na yi baƙi za su zo, ya tabbatar komai yana tafiya. Shi ne gwanin. Amma a yi masa uzuri, mahaifiyarsa ba lafiya, hankalinsa ba ya jikinsa."

Injiniya ya ce, "Tun da rana masu kutsen suka shigo, ranka ya daɗe. Ta manhajar. Na hau na ɗaga hannu, ya gan ni."

"Na ɗauka gaisuwa ce," in ji Mataimaki.

Darakta ya cire tabarau ya murza ido. Shi ma ba yaro ba ne. In da rana aka yi kutsen, laifin manhaja ne, baƙin jiya za su yaga yarjejeniya. In bayan tashi ne, laifin mutum ɗaya ne, na wucin gadi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ƙofar ta kwana a buɗe, ko ba ta kwana ba?"

"Ta kwana."

"Wa ke da ita?"

"Ni ne."

Matar ta buɗe fayil. Da ma an riga an buga takardar sallama.

Ba su bar shi ya tafi nan take ba. Sai da ya sauka da ɗan kwangila, wanda aka ce zai riƙe tsaro kafin a ga yadda za a yi, ya miƙa masa lambobin sirri. Mutumin ya zauna a kujerar, ya juya ta hagu da dama, ya leƙa allo.

"Af, ɗan nuna mini kafin ka wuce. Ina ne ake danna turawar nan?"

Injiniya ya nuna masa.

Masu kutse dai sun samu abin da suka zo nema. Ɗan kwangila ya shigo da manhaja ɗaya, ya wayi gari da kwangila biyu. Baƙi ba su janye ba, aka yaba wa Mataimaki a taron shugabanni saboda saurin gano mai laifi. Injiniya ya rasa aiki, kuma a sana'arsu labari yana riga mutum isa wurin neman wani. Amma wadda ta fi kowa asara ko hoton akwatin ba ta taɓa gani ba. Ita dai tsohuwa ta lura ranakun zuwa asibiti sun fara nisa da juna, ƙafafunta kuma suna kumbura, sai ta tambayi 'ya'yanta ko likita ne ya ce ta samu sauƙi.