Shafin da Dakta Hephzibah Ta Cike da Kanta

Wata bakwai ke nan da Dakta Hephzibah ta fara kwas ɗin ƙwarewa a kan kumburin cikin ido, a wani asibitin ido da ke kudancin garin Kaduna. In dai karatu ne, ba a ja da ita. Tana iya jero maka cututtuka talatin da ke kumbura ido daga ciki ba tare da ta haɗiye yawu ba. Abin da ya gagare ta shi ne ɗaga kai ta dubi babba. Likitar ido ce wadda sai an kashe fitila, an gitta na'ura tsakaninta da mutum, sannan take iya kallon ƙwayar idonsa.

Malamarta, Dakta Bilkisu, doguwar mace mai magana ɗaya, ta gaya mata tun ranar farko cewa a wannan fanni ido ɗan aike ne kawai, ciwon yana can wani wuri a jiki, kuma sai an tambaya ake gano shi. Don haka kowane majinyaci sai an cika masa fom mai shafi uku. Shafin farko tari ne da ciwon baya da na gaɓoɓi. Na biyu gyambon baki da ƙuraje. Na uku kuwa na abin da ke ƙasan cibiya ne, da wanda mutum ya taɓa kwana da shi.

Ranar wata Laraba sai ga Baba George daga unguwar Romi, matarsa Mama Lizzy na riƙe da hannunsa. Dattijon cocinsu Hephzibah ne, aminin marigayi mahaifinta, shi ya raka ta tasha ranar da za ta tafi jami'a. Idonsa na hagu ya mutu shekara uku da suka wuce. Yanzu na dama ya fara hazo.

"'Yata," ya ce yana laluben kujera, "an ce ke ce gwanar irin wannan. Ga shi nan, shi kaɗai ya rage mini."

Ta sa ya ɗora haɓarsa a kan na'ura, ta haska. Cikin idon cike yake da ƙananan ƙwayoyi suna yawo kamar ƙura a hasken taga. Kumburi ne sosai. Ta ɗauko fom. Shafi na ɗaya da na biyu ba su ba ta wahala ba, don Mama Lizzy ce ke amsawa kafin Baba ya buɗe baki.

"Ba ya tari. Minshari dai yake yi, ko akwai wurin rubuta shi?"

Da ta juya shafi na uku, sai ta dubi furfurar Baba, ta dubi Littafi Mai Tsarki da ke leƙowa daga jakar Mama, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. A hankali ta bi layukan da biro: babu, babu, babu. Har da jan layi a ƙasa, irin na mai tabbaci. Ta rubuta gwajin tarin tibi da hoton ƙirji, ta tsallake gwajin tunjere, cutar da ake ɗauka ta wurin kwanciya, ta tsara masa ƙwayoyin sitiroid masu ƙarfi na kwantar da kumburi, sannan ta kai wa malamarta ta sa hannu.

Dakta Bilkisu ta karanta a tsaye. A shafi na uku ta dakata.

"Rubutunki ya yi kyau a nan. Kin tambaye shi?"

"Ma, dattijon coci ne."

"Ban ce miki wane ne shi ba. Kin tambaye shi?"

Hephzibah ta shiga nazarin takalmanta.

"In ƙwayar cuta ce ke cin idon nan, kika danna masa sitiroid shi kaɗai, kin ɗaure mai gadi kin buɗe wa ɓarawo ƙofa. Wata guda ya isa ya makance. Koma. Kuma da bakinki, ba na nas ba."

Tazarar ofishin da ɗakin duba marasa lafiya ba ta fi taku ashirin ba, amma sai da ta tsaya wanke hannu sau biyu. Da ta shiga, ta roƙi Mama Lizzy ta je ta karɓo wata takarda a wurin yankar kati, takardar da ita kanta ba ta san ko akwai ta ba. Sannan ta kashe fitila, ta ce Baba ya sake ɗora haɓa, ta ɓuya a bayan na'ura.

"Baba, dā can, lokacin ƙuruciya, ko an taɓa yin wani rashin lafiya... na daban?"

"Shawara na yi sau biyu."

"A'a, Baba. Na... wajen da ba a faɗa."

Sai ta ga idon da take haskawa ya ƙanƙance, kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, har goshinsa na bugun ƙarfen na'urar.

"Tunjere kike nufi? Haba, Hefzi! Shekara goma sha ɗaya ina jan tirela daga Kaduna zuwa Fatakwal kafin Ubangiji ya kama ni. Sau nawa na ba da wannan shaida a gaban jama'a? Duk Romi an sani. Ke kina ina?"

Tana ina kuwa? Tana bencin baya, kanta a sunkuye, don ko shaidar wani ake bayarwa ita ke jin kunyar.

"Gyambo ya fito mini," ya ci gaba, hankali kwance, "wani mai kemis a hanya ya yi mini allura ɗaya, ya bushe. Na ɗauka an rabu ke nan."

"Ba lallai ba ne, Baba. Cutar takan kwanta shekaru a jiki, sannan ta fito a ido."

"To, ki rubuta. Kunna fitilar ma, kada ki ɓata rubutun."

Ta kunna. Ta soke babu ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a gabansa. Ana cikin haka Mama Lizzy ta dawo tana haki.

"Sun ce ba su san wata takarda ba. Yarinyar nan, in korata za ki yi, ki ce in fita mana. Gwiwar nan ba ta wasa ba ce."

Washegari sakamakon jini ya fito, kuma cutar ce. Aka kwantar da Baba George, aka fara ba shi fenisilin ta jijiya, na mako biyu. Saura aiki ɗaya: dole a gwada matarsa. Hephzibah ta shirya jawabi mai kyau, ta maimaita shi a cikin keke tun daga Sabon Tasha har ƙofar asibiti. Ba ta kai rabin jimlar farko ba Mama Lizzy ta naɗe hannun riga.

"Ɗebi. Da ma na san tirelar nan ba ta gama sauke kayanta ba."

"Lizzy, a gaban yarinya?" in ji Baba daga kan gado.

"Wace yarinya? Likita ce. Ko ba haka ba, Dakta?"

Dakta ta ce haka ne, da muryar da sai an kasa kunne.

Rana ta goma sha biyu aka kawo shi ɗakin gwaji. Ranar da ya fara zuwa, babban harafin saman allo kaɗai yake gani, shi ma da ƙyar. Hephzibah ta haska idon: ƙurar ta lafa, sai ɗaiɗaiku. Ta tsayar da shi gaban allo, ta nuna da sanda. Ya karanta layi na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ya ɗan yi tuntuɓe, ya gyara da kansa.

Dakta Bilkisu, da ke jingine a bakin ƙofa, ta karɓi fayil ɗin ta duba.

"Hazon ba zai tafi duka ba," ta ce wa Baba, "amma idon ya tsira. Za ka yi karatunka."

Baba George ya juyo, ya ƙare wa Hephzibah kallo tun daga sama har ƙasa.

"Ashe kin rame haka? Lizzy, yarinyar nan ba ta cin abinci."