Baƙar Marsandin Saja Mika

Muntaka ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin, ya shafa a hankali kamar mai taɓa goshin majinyaci, sannan ya ɗago ya dubi Mama Theresa.

"Mama, mi kika sa ma motar ga?"

"Toka," ta ce. "Da soson ƙarfe. Kaɗan ne fa, ɗana."

Ba kaɗan ba ne. Tun asuba take durzar motar nan. Baƙar Marsandi ce ta ɗanta, Saja Mika, wanda ya ajiye ta a gindin mangwaron tsakar gida wata tara da suka wuce, ranar da za a tafi da su Darfur. Ya lulluɓe ta da tamfol, ya ce ko kaza kada ta raɓe ta. To, iskar damina ba ta san saja ba. Ta yage tamfol, jemagu suka mai da motar masai, danƙon mangwaro ya ɗiga ya bushe a kai. Jiya saƙo ya zo cewa yau Mika yana hanya.

Ita kuwa Theresa shekara hamsin tana wanke tukwane, har matan coci kan ce tukunyarta ta isa a duba fuska. Abin da ta sani ta yi. Da ruwa a jiki motar sai walƙiya take, da rana ta busar da ita sai ga fararen zane sun kewaye murfin kamar sawun kaji. Shi ne ta ɗaura zane ta nufi bakin tasha, inda Muntaka ya shekara goma sha takwas yana wanke motoci, yawancinsu na sojoji.

"Kai dai ka gyara kafin ya iso," ta ce. "Ka san halinsa."

Duk Zuru an san shi. Mika ba ya yi wa uwarsa tsawa, ƙafa yake ɗaukewa. An taɓa yin wata 'yar magana da ba ta taka kara ta karya ba, ya shekara biyu bai leƙo gidan nan ba, sai dai aike. Theresa ta haura sittin da takwas, ba ta da wasu shekaru biyun da za ta zubar.

Muntaka ya buɗe jakarsa ya ciro wani curi shuɗi mai laushi kamar danƙo, wanda wani direba ya kawo masa daga Kaduna. Ya zagaya bayan motar, inda sosonta bai kai ba, ya yayyafa ruwan sabulu, ya riƙa zame curin a kai ba tare da dannawa ba. Kashin jemage da danƙon suka bi curin suka fita, fenti ya fito sumul.

"Kin gani, Mama? Ba ƙarfi take so ba, lallashi take so. Kamar amarya."

"Amaryar da ke kwana gindin mangwaro?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Daga hantsi har la'asar yana kai, sallah kaɗai ta ɗaga shi. Ya shafa folish, ya bi da tsohuwar singileti mai laushi, ya sake shafawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ta kawo masa kunu a kwano, ya sha a tsaye. Ƙofofi suka dawo, gefe ya dawo. Murfin gaba ne ya ƙi.

"Abin da ya zauna bisa fenti ina ɗauke shi," ya ce. "Wanga ya shiga ciki. Sai mai fenti, kuma ba aikin yini guda ba ne."

"Ƙara dai gwadawa."

Yana cikin ƙarawar ne ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida.

Mika ne ya sauko. Ya rame, ya yi baƙi, jakar soja a kafaɗa. Theresa ta miƙe da hannuwa a buɗe, tana kiran sunan Yesu. Ya ce, "Mama, sannu," amma idonsa ya riga ya tsallake ta. Ya ga murfin. Ya ga Muntaka da tsumma a hannu.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa min mota?"

Muntaka ya dubi Mama Theresa.

"Mama, ke kika kira shi?"

"Ni na kira shi," ta ce. "Na ce ya wanke ta."

Gaskiya ta faɗa, ko kalma ɗaya babu ƙarya a ciki. Sauran maganar tana nan a kan harshenta, ta ji nauyinta, ta ji yadda za ta fito. Sai ta dubi wuyan ɗanta da ya zama siriri, ta haɗiye.

Mika ya ci kwalar Muntaka ya jijjiga. "Ina can ana ruwan harsashi a kaina, kai kana nan kana koyon aiki da motata? Ɗan iska! In ka ƙara ganin motar soja ta tsaya a wurinka, ba a haife ni cikin Zuru ba."

Ya yi ƙwallo da jakar Muntaka. Gwangwanin folish ya gangara ƙarƙashin mota, curin ya faɗa cikin yashi. Muntaka ya durƙusa ya ɗauka, ya juya shi, ya ga tsakuwa ta nutse a jikinsa ko'ina. Irin wannan abu in ya taɓa ƙasa ya tashi aiki. Ya ajiye shi a gindin mangwaro, ya tattara tsummokaransa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

A bakin ƙofa ya juyo.

"Mama, na gode da kunu. A huta gajiya."

Ta ji takunsa yana nisa.

Mika ya dafa kafaɗarta, muryarsa ta sauko. "Mama, kin cika yarda da mutane, shi ya sa ake cutar ki. Bar shi, ba laifinki ba ne. Me aka dafa?"

Ta zuba masa tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna a gefe tana kore masa ƙuda. Ya ci, ya nemi ƙari, ya ce ko a mafarki miyar nan yake gani. Da ya wanke hannu ya miƙe ƙafa a kan tabarma.

"Sati uku zan yi miki, Mama. Ba inda za ni."

"Na gode Allah," ta ce da ƙarfi, don abin da ta roƙa ke nan a kowace Lahadi.

Ta janyo nata kwanon, ta gutsuri loma, ta riƙe ta a hannu har ta huce.