Makankari Mai Hannu Biyu

Nasiru na tsugune a bayan rumbu yana wasa ɗan ƙarfe a kan dutse, yana yi yana ɗiga masa ruwa daga buta, sai mahaifiyarsa Indo ta leƙo ta ce masa an aika kiran Idrisa.

"Wane Idrisan, Inna?"

"Wanne ka sani? Masassaƙin Tsauni mana. Babanku ya ce bayan la'asar ya zo da amalanke ya kwashe kayan, gizago da gatari da komai. Har wurin zamansa na kasuwa ya ce ya bar masa."

Nasiru bai ɗago ba. Ya juya ƙarfen, ya kwantar da bayansa a kan dutsen ya ci gaba da gogawa.

Sallau, uban nasa, tun kafin a haifi Nasiru yake sassaƙa ƙota a Matameye. Manoman Kance da Yauri sun san ƙotarsa da hannu ko ba su duba ba, don wuyanta yana lanƙwasa daidai inda ya kamata, kuma ba ta sa wa tafin hannu kanta. Bayan kaka hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci. Aka kai shi asibiti a Damagaram, aka dawo da shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har faɗa ya dawo, amma hannun dama rabinsa kawai ya dawo. Yana riƙe abu, ba ya iya sara. Ranar da ya gwada ɗaga gizago, gizagon ya suɓuce ya tashi sama ya fasa randar Indo. Tun daga ranar Sallau yake zaune a zaure, fuskarsa na kallon bango, tuwo ma sai an yi da gaske yake cin loma biyu.

Shi ya sa Nasiru ya baro Kano tun kafin lokacin dawowar 'yan ci-rani. Kafinta ne, a wani shagon kujeru yake aiki duk rani, kuma hannuwan kujera masu lanƙwasa su ne rabonsa a shagon. Abin da yake gyara su da shi wani ɗan makankari ne mai hannu biyu, dama da hagu kamar ƙahonin sa, da ɗan ƙarfe mai kaifi a tsakiya. Ba a sara da shi. Riƙewa ake yi da hannu biyu a jawo, shi kuma ya riƙa ɗebe itacen kaɗan-kaɗan. Hannun da ba ya sara zai iya ja, in ɗan'uwansa ya taimaka masa. Lissafin Nasiru ke nan.

Wajen zaɓen wanda zai sayo wa Sallau a Kano ya ɓata wa mai sayar da kayan rai. Mutumin ya fito masa da sabo fil mai jan fenti, Nasiru ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya ajiye. Ya fito da mai zagayayyen gindi, wanda ke shiga cikin lanƙwasa mai zurfi. Wannan sai mai tsayayyen wuyan hannu, in ba haka ba tsalle yake yi a kan itace. Nasiru ya ajiye shi ma. A ƙasan akwati ya tono wani tsoho mai shimfiɗaɗɗen gindi, fentinsa duk ya goge, da notuna biyu a sama na fito da baki da mayar da shi. Ya naɗe yatsu biyu na hannun damansa cikin tafi, ya kama da ukun da suka rage, ya ja a kan wani guntun katako. Mai kayan ya tsaya yana kallonsa, daga baya ya tambaye shi ko lafiya.

Yanzu a bayan rumbu ya gwada kaifin a gashin hannunsa, gashin ya zube. Ya mayar da ƙarfen gurbinsa, gefen da aka wasa yana kallon ƙasa, ya ɗora murfin ya ɗaure. Sannan ya kifa makankarin ya ɗaga shi saitin haske, ya runtse ido ɗaya, yana murɗa notin dama, yana murɗa na hagu, har bakin ya leƙo kamar silin gashi, daidai daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ja a jikin wani reshen aduwa. Ɓawon ya fito siriri ya nannaɗe, har ana ganin haske ta cikinsa.

Nan aikin da ya iya ya ƙare, wanda bai iya ba ya fara. Nasiru ɗan fari ne. Tunda yake bai taɓa jin sunansa a bakin Sallau ba, sai dai "wannan yaron", ko "a gaya masa". Ga kuma tsohon haushi, don Sallau bai yafe masa barin sassaƙa ba. A wurinsa kafinta tela ne na katako, inji ya yanka masa, shi kuwa ya ɗinke da ƙusa. Mutum irin wannan ba a zuwa a ce masa ga yadda ake yi.

Don haka Indo ce ta kai makankarin zaure a matsayin tsaraba, tare da ƙotar da Sallau ya bari rabi tun kafin ciwo. Nasiru ya yi sallama da ƙarfi kamar mai fita gaisuwa, ya zagaya ya dawo ta baya, ya tsaya inda zana ta yage.

Sallau ya daɗe bai kalli abin ba. Sai da ya tabbata babu kowa sannan ya jawo shi da hagu, ya jujjuya, ya auna nauyinsa. Ya shafa gindin da babban yatsa, ya sake shafawa.

"Ina bakin?" ya ce, shi kaɗai.

Duk ƙarfen da Sallau ya taɓa riƙewa a duniya bakinsa a fili yake, ana ganinsa tun daga nesa. Bakin da ba a gani kuwa, a ganinsa, bai fito ba tukuna. Ya kama notin ya murɗa, ya murɗa, har ƙarfen ya turo waje kamar farce, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Nasiru ya dafe kai a bayan zana.

Tsohon ya tokare ƙotar da ƙafa yadda ya saba, ya ɗora makankarin a wuyanta ya ja. Ƙarfen ya cije ya tsaya. Ya ƙara ƙarfi, itacen ya ɓalle ya bar rami. Ya sake, hannun dama ya zame, makankarin ya faɗi a tabarma. Bai ɗauka ba. Ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa, kamar wani ne ya bar masa ajiya.

Da Indo ta shigo da fura ya ce mata, "Ki yi masa godiya. Ƙarfen mai kyau ne, na ji a nauyinsa. Hannun ne ya tafi."

Ta fito ta sami Nasiru idonta cike da hawaye. Ya gaya mata abin da ya faru, a taƙaice.

"To ka shiga ka faɗa masa mana! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko ni in faɗa?"

"Inna, in ya san ni na gyara masa, ko abin ya yi aiki ba zai sake taɓa shi ba. Kin fi ni saninsa."

Ta sani sarai, sai ta share idonta.

Bayan azahar Nasiru ya shiga zauren ya durƙusa ya gaishe da ubansa. Aka amsa masa ta wajen bango. Ya ɗauki makankarin yadda yake, bai taɓa notunan ba, ya zaɓi reshen aduwa mafi kyau a cikin tarin da ke lungu, ya zauna a bakin ƙofa inda ko ba a so sai an gan shi. Ya kafa itacen ta inda bai kamata ba, ƙarfen na fuskantar tashin jijiyar itacen, ya ja da dukan ƙarfinsa.

Ƙarar ta cika zauren. Itacen ya tsage ya ɓantare. Nasiru ya yi tsaki ya sake ja. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don aduwar busasshiya ce, miƙaƙƙiya, irin wadda ake wuni ana nema a daji.

"Kai, an cuce ni," ya ce, da muryar da za ta kai bango. "Mutumin nan har rantsuwa ya yi mini."

Yana cikin haka ya ji kukan jaki a waje. Idrisa bai jira la'asar ba. Ya shigo da sallama, gajere, mai fara'a, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin azahar ta riga shi zuwa tasha. Ya gaisa da Sallau, ya juyo ya ga abin da ake yi wa aduwa, ya buɗe baki.

"A'a! Nasiru, kai ne? Aikin Kanon ke nan?"

Nasiru ya san abin da ke biye. Kafin ranar kasuwa duk Matameye za ta ji cewa kafintan da ya yi shekaru a Kano bai iya riƙe kayan aikinsa ba, kuma a garin nan yake fatan buɗe shago wata rana. Kunya ta kama shi har kunnensa ya yi zafi. Ya dubi notunan nan biyu, murɗawa kaɗan ce tsakaninsa da mutuncinsa. Sai ya gyara zama ya sake fizga, wani ɓangaren ya ɓalle ya bugi ƙofa.

"Idrisa," in ji Sallau. Ya juyo gaba ɗaya, bango na bayansa. "Ce wa wannan ya daina kashe mini itace."

"Ka dai ji," in ji Idrisa yana dariya.

"Karɓo mini abin."

Idrisa ya karɓa ya miƙa masa. Sallau ya dubi ramukan da ke jikin reshen, ya dubi wanda shi ya yi a wuyan ƙota da safe. Iri ɗaya ne. Ya dubi damatsan ɗansa, ya ɗan jima a kai.

"Ƙato da hannu biyu lafiyayyu," ya ce a hankali. "To ashe ba hannu ba ne."

Ya kifa makankarin a cinya. "Abin nan haɗama gare shi, Idrisa. Lomar da yake yanka ta fi bakinsa." Ya murɗa notin baya. Ya gwada a ƙota, ya cije, amma bai tsaya ba. Ya ƙara mayarwa. Nasiru na ganin gefen hagu har yanzu ya fi fitowa, maganar ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. Ya shiga tattara ɓantarorin itace don ya sami abin yi da idonsa.

Sallau ya ja sau biyu, ya ɗauki ɓawon ya murza. "Gefe ɗaya yake ci." Ya taɓa notin hagu kaɗan. Sannan ya juya ƙotar kai ya koma gindi. "Shi kuma wancan, ko kwanciyar itace bai duba ba. Itace ai kamar gashin akuya ne, ta inda ya kwanta ake shafa shi. Haka ake koya musu a can?"

Ya tokare da ƙafa, ya ɗora yatsun dama a kan hannun makankarin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ya ja.

Babu ƙara, sai ɗan sauti kamar ana yage ganye. Ɓawo ya fito dogo ya nannaɗe ya faɗa a kan ƙafarsa. Ya sake ja, ya bi lanƙwasar wuyan, yana karkata makankarin kaɗan a inda itacen ya juya, abin da ba wanda ya gaya masa. Ramin safe ya fara shafewa. Gumi ya tsatsafo masa a goshi, amma bai saki ba. A bayan zana an ji Indo ta aje wani abu da ƙarfi ta shige ɗaki.

Idrisa ya bari aka jima, sannan ya yi gyaran murya. "To, Sallau, kayan fa? Na ɗaure jaki a rana."

"Wane kaya?"

"Waɗanda ka aika in kwasa."

"Ɗauki babban gizagon, aro. Ka riƙa yi mini saran fari kana kawowa, ni in gama. Sauran ka bar su inda ka gan su. Wurin zamana kuma kada in zo in tarar da tabarmar wani."

Idrisa ya ɗauki gizagon ya saɓa. A bakin ƙofa ya tsaya kan Nasiru, ya girgiza kai cikin jin daɗi. "Tsoho da hannu ɗaya da rabi ya gane abin da ya gagare ka. Wallahi sai na ba da labarin nan." Ya fita yana dariya, tun kafin ya kwance jakin aka ji ya fara ba wani a waje.

Zauren ya rage su biyu. Sallau bai daina ja ba, bai kuma ɗago ba. Da ya yi magana, ƙotar ya yi wa.

"A gaya masa gobe da safe ya zo ya zauna nan. Sai an koya masa saita abin nan kafin ya koma garin mutane ya ba mu kunya."

Nasiru na durƙushe, hannunsa cike da ɓantarorin aduwa.

"To, Baba," ya ce.